Injin Kawu Bukar da Filin Barunde

Ranar Asabar ce, da misalin ƙarfe goma na safe, a tsakar gidanmu na Jekadafari. Waɗanda ke wurin su ne ni, da mahaifiyarku Falmata, da yayanta Bukar wanda kuke kira Kawu, sai maƙwabcinmu Malam Yakubu, tsohon malamin firamare, mutumin Kaltungo, wanda ya faɗo mana gida babu sallama. A ranar aka fara tayar da injin jirgin ruwa a unguwar da ko kududdufi ba ta da shi. Na fara da wannan safiya ne domin daga ita maganar filin Barunde ta taso. Ku duka kuna nesa a lokacin, wasu a makaranta, wasu a wurin aiki, kuma na san har yau akwai mai cewa na sayar da filin da ya kamata ku gada na zuba a ruwa. Na sayar, ba na musu. Ga yadda aka yi.

Kawunku ya iso Gombe a shekarar da mutanen bakin Tafkin Chadi suka watse. Tun yana saurayi aikinsa ɗaya ne a Baga, ɗaukar mutane da buhunan bandar kifi daga tsibiri zuwa tsibiri. Da gari ya ɓaci, ya kwashe iyalinsa ya ajiye su a Maiduguri wajen surukansa, jirgin katakon kuma ya tura shi cikin ciyawar tafki ya bar wa Allah. Injin ne ya ƙi bari. Ya kwance shi daga bayan jirgin, ya naɗe shi da bargo da tabarma, ya yi ta fama da shi daga wannan mota zuwa waccan. Ya ce babu shingen jami'an tsaro da ba a sa shi ya kwance tabarmar ba, kuma babu inda bai tsaya ya yi bayanin amfanin farfela ba. Da ya sauka a ƙofar gidanmu, takalminsa ɗaya ya tsinke, rigar jikinsa ita ce rigarsa, amma injin ko ƙwarzane babu.

Kun san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Ni da shi ba mu taɓa gaisawa ba tare da shi ba, kuma ko a ranar bai ɗaga min ƙafa ba.

"Fulata," ya ce da ni, "ubangidanka ya iso. Zo ka kama min kaya."

"Ajiye a zaure tukuna," na ce, "sai na duba ko ɗakin bayi yana da wuri."

Mahaifiyarku tana hawaye tana dariya. "Ya Bukar, wannan ƙarfen ka ɗauko ka bar kayan sawa?"

"Riga tana nan a kowace kasuwa, Falmata. Wannan fa?"

Injin jirgi ba a tayar da shi a busasshiyar ƙasa, domin da ruwa yake sanyaya jikinsa. In kuma aka bar shi wata da watanni ba a tayar ba, sai ya mutu a zaune. Saboda haka bai daɗe da hutawa ba ya sa na raka shi Kasuwar Gombe muka sayo tsohon duro. Ya fasa bakinsa, ya kafa turaku biyu kusa da bishiyar gwandar mahaifiyarku, ya gicciya katako mai kauri, ya rataye injin a kai, ƙafarsa da farfelar a cikin duron. 'Yan ga-ruwa suka juye masa kura guda. To, a shekarun nan kunnen mutanen Gombe ya zama wani abu dabam. Tayar mota ta fashe a kan titi, sai ka ga an rufe shaguna har bakin kasuwa. Ni da ya kamata in tuna da haka ina can tsaye ina riƙe masa sifana, shauƙi ya ɗebe ni. Ya ja igiya, injin ya yi tari, ya sake ja, sai wata ƙara ta cika gidan, kaji suka haye katanga, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe. A nan Malam Yakubu ya faɗo, ɗaure da zane, rabin gemunsa da kumfar sabulu.

"Malam Hamma! Me ya fashe? Kowa lafiya?"

Kawunku ya rage wuta, ya ce, "Jirgi ne, Malam."

"Jirgi? A Jekadafari? Ina kogin?"

"Ga shi nan a duro."

Malam Yakubu ya leƙa, ya ga ruwa yana tafasa, ya zauna a kan turmi ya yi dariya har kumfar ta zuba a ƙirjinsa. Da ya natsu sai ya ce wannan ba abin wasa ba ne, mutumin Borno da fetur da wayoyi da ƙara a tsakiyar unguwa, in ba a sanar ba wani zai kai labari inda ba a so. Gaskiya ya faɗa. A ranar na je wurin mai unguwa na kawo shi ya gani da idonsa. Bayan azahar na tashi a masallaci na yi sanarwa yadda na saba a rediyo kafin in yi ritaya, a fili, sau biyu, cewa duk Asabar da hantsi za a ji ƙara daga gidana, injin jirgin surukina ne, mai son gani ƙofa a buɗe take. Washegari Malam Yakubu ya maimaita a cocinsu.

Daga nan Asabar ta zama ranar inji. Ina so ku san yadda Kawunku yake yi, domin tsarin nan shi ne ya riƙe shi, kuma shi ne ya kusa kayar da shi. Yakan fara da buɗe murfi, ya shafa ko'ina da tsumma yana neman inda mai ya tsatso. Ya kwance filogi ya duba launin bakinsa, in ya yi baƙi ya goge da burushin waya. Ya bi tiyon fetur da yatsa daga tanki har kabureta yana matsawa, ko ya tsage. Ya gauraya fetur da baƙin mai a galan ya girgiza. Ya jawo igiyar tayarwa gaba ɗaya ya duba ko ta fara ci. Ya tsoma hannu cikin duro ya juya farfela, ya taɓa ƙusar da ke riƙe da ita. Sannan ya yi bisimilla ya ja. Da injin ya tashi, idonsa ba ya barin wani ɗan rami a gefe inda ruwa ke fita siriri kamar zare. Fitsarin inji suke ce masa. In yana fita, ruwa na zagaya cikin injin ke nan, in ya tsaya sai a kashe nan take. Ni da na yi shekaru ina gwada murya da na'ura kafin a buɗe tasha, wannan tsari ya kama ni ƙwarai. Ba a jima ba na zama mai tsaron fitsari, ina ba da rahoto da cikakkiyar murya, mata suna leƙowa ta katanga suna dariya. Wata Asabar kuwa hannun tuƙin ya goce, farfela ta daki cikin duro da ƙara, ta lotsa shi. Duron ya yi wa injin kaɗan, babu wurin juyawa dama ko hagu. Sai Kawunku ya daidaita injin sak, ya ɗaure kusoshin wuyansa tamau, ya ƙara da igiya, don kada farfela ta karye. Damina biyu ta wuce a kansa a haka, da buhun leda a rufe.

A shekara ta biyu na ga mutumin yana canjawa. Ya gwada dako a kasuwa, bayansa bai ɗauka ba. Ya gwada tsaron shagon wani, ya dawo ya ce zama yana sa shi ciwon kai. Sauran kwanakin mako yakan zauna a zaure ba ya ko tsokanata, sai Asabar fuskarsa ke dawowa. Sai labari ya fara zuwa cewa wasu suna lallaɓawa su koma bakin tafki, wasu suna dawowa, wasu ba a sake jin ɗuriyarsu. Wata rana muna cin abincin rana ya ajiye cokali.

"Da zarar ruwan sama ya ɗauke zan koma in nemo jirgina."

Mahaifiyarku tana bakin murhu, ta ce, "Ka koma ina?"

"Na san inda na tura shi. Ko a makance zan gane wurin."

"Su ma waɗanda ke can sun san wurin, Ya Bukar."

"Falmata, na gaji da tuƙa duro. 'Ya'yana suna cin tuwon surukai, ni ina cin na Fulata. Gara in mutu a kan ruwa."

"Ba a kan ruwa za ka mutu ba, a kan hanya za a yanka ka!"

Ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba sai ranar. Kun san Kawunku, in ya faɗi abu ya gama. Daga ranar abinci ya daina shiga cikin mahaifiyarku, tana duban sama kamar mai roƙon damina ta ƙi ƙarewa.

Ruwa mafi kusa da mu shi ne na madatsar Dadin Kowa. Kawunku ya taɓa zuwa ya gani, ya dawo yana cewa ƙaramin tafki ne amma ruwa ne. Abu biyu suka tare shi. Ba shi da jirgi, kuma a lokacin masu ruwan ba sa karɓar baƙo daga Borno, don tsoron abin da zai biyo bayansa. Na biyun Malam Yakubu ne ya buɗe. Ɗan Sarkin Ruwa na can ya yi karatu a hannunsa, sai Malam Yakubu ya shiga mota da kansa ya je ya tsaya wa Kawunku. Amsar da ya kawo ita ce, a zo da jirgi da inji, Sarkin Ruwa zai hau da kansa a fita da shi sau ɗaya. In ya gamsu, ya ba shi wurin tsayawa a kwata, inda jirage ke lodi. In bai gamsu ba, a kwashe a tafi, kada a dawo.

Na farkon kuwa, wato rashin jirgi, ba shi da wata ƙofa sai filin Barunde. Shi kaɗai na mallaka bayan gidan da muke ciki. Mahaifiyarku ta riga ta dasa mangwaro a kusurwarsa, ta nuna min inda ɗakin girkinta zai zauna, da inda kowannenku zai yi nasa ɗaki. Na same ta tana tankaɗe na faɗa mata abin da na yanke, zan sayar da filin a sassaƙa jirgi. Ta ajiye rariya.

"Malam, yaran fa?"

"Yaran suna da ƙafa, za su nemi nasu. Shi in ya tafi ba ya dawowa."

"Za su ce don ɗan'uwana ne."

"Za su faɗa. Ni zan amsa."

Ta ci gaba da tankaɗe, sai can ta ce a roƙi mai sayen kada ya sare mangwaron. Kawunku kuwa ƙi ya yi ƙememe, ya ce bai gudo daga Baga don ya cinye gadon 'ya'yan ƙanwarsa ba. Sai da na ce masa ba kyauta ba ce, jirgina ne, bawa nake nema ya tuƙa min, in ba ya so in nemi wani Babarbaren. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Fulata da jirgi," ya ce. "Duniya ta zo ƙarshe. Shanun za ka ɗora a ciki?"

Watannin da aka yi ana sassaƙa jirgin nan ban san lokacin da na fi jin daɗinsa ba tun da na bar aiki. Mukan tashi da sassafe mu tafi Dadin Kowa mu tarar da kafintoci a ƙarƙashin wata tsamiya. Na ga katako ya lanƙwasa ya zama haƙarƙari, na ga ana cusa auduga a tsakanin alluna ana bi da kwalta mai zafi. Kawunku yana zagaya su yana faɗa da Hausarsa ta Barebari, su kuma suna ce masa wannan ba Chadi ba ce. Da yamma mu dawo gida da warin kwalta, mu ba da labari muna katse juna. Mahaifiyarku ta koma cin abinci. Ita ta zaɓi fenti, shuɗi da ratsin fari. Malam Yakubu ya ce tun da shi ya yi dillanci, kujerar gaba tasa ce har abada.

Ranar gwaji muka ɗauki hayar a-kori-kura. Rabin unguwa ya fito ganin an sauke injin daga katako, mata suna guɗa kamar ana kai amarya. Mahaifiyarku ta shiga gaba, mu uku muka zauna a baya muna riƙe da injin. Da muka isa, kwata cike take da masunta da masu sayen kifi, don labarin Babarbaren da ya yi shekara biyu yana tuƙi a duro ya riga mu isa. Sarkin Ruwa dattijo ne gajere, mai furfura, ba ya yawan magana. Ya amsa gaisuwarmu, ya zagaya jirgin, ya buga allunan da sandarsa, ya shiga ya zauna a tsakiya. Aka ɗaura injin a baya. Kawunku ya buɗe murfi a gaban jama'a ya bi tsarinsa na Asabar ɗaya bayan ɗaya, tsumma, filogi, tiyo, mai, igiya, farfela. Na ga masuntan suna gyaɗa kai. Malam Yakubu ya haye gaba, ni na zauna kusa da Sarkin Ruwa na riƙe katako da hannu biyu, domin ban taɓa hawa ruwa ba. Masunta suka tura mu, suka juya mana hancin jirgin ya fuskanci fili.

Ja ɗaya Kawunku ya yi. Injin ya ɗauka da wata murya da ban taɓa ji ba a tsakar gida, mai zurfi, mai daɗi. Jama'a suka kaure da ihu. Na juya na ga zaren ruwan nan yana fita, na ɗaga murya na ce, "Fitsari lafiya!" Har Sarkin Ruwa sai da ya murmusa. Hancin jirgin ya ɗaga, iska ta cika mana riguna, ruwa ya rabe biyu yana kumfa. Malam Yakubu ya cire hularsa yana kaɗawa yana waƙa da harshen Tangale. Ni da na shiga da tsoro sai na ji ina dariya ba dalili. Na waiwaya, na ga Kawunku a tsaye, hannunsa a kan hannun tuƙi, bakinsa a buɗe, hawaye na gudu zuwa kunnuwansa.

A gabanmu akwai busassun itatuwa tsaye a cikin ruwa, waɗanda ruwa ya cinye tun lokacin da aka datse kogin. Sarkin Ruwa ya ɗaga sanda ya nuna dama. Jirgin ya ci gaba sak. Ya sake nunawa, ya waiwaya.

"Malam, dama na ce."

Na ga Kawunku ya tura hannun tuƙin. Ya sa hannu biyu. Ya sa ƙugunsa ya danna har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Injin bai motsa ba ko kaɗan. Igiyar da ya ɗaure injin da ita tun a gida ya kwance ta, kusoshin ma ya sassauta, amma wuyan da injin ke juyawa a kai ya ci tsatsa ya kafe. Itatuwan suna matsowa, har ina ganin tsuntsayen da ke kansu. Malam Yakubu ya daina waƙa.

Kawunku ya kashe injin. Shiru ya sauka, amma jirgin bai tsaya ba, ya ci gaba da sulalawa da ƙarfinsa. Ya fizgi filafili, katakon tuƙin hannu, daga ƙarƙashin kujera, ya soka shi a ruwa ta gefen dama a baya, ya kwanta a kansa da dukkan nauyinsa.

"Ku koma dama! Fulata, dama! Malam Yakubu, sauke kanka!"

Na rarrafa na faɗa kan Sarkin Ruwa. Jirgin ya karkata har ruwa ya shigo ya jiƙa min gwiwa. Hancin ya fara juyawa a hankali. Wani reshe ya wuce ta kan Malam Yakubu, kututturen ya goge gefen jirgin da ƙara mai tsawo, ya kwashe fentin mahaifiyarku tun daga gaba har baya. Sai muka tsaya muna lilo.

Sarkin Ruwa ya ture ni daga jikinsa, ya gyara hularsa. "Me ya faru?"

"Wuya ya kafe, ranka ya daɗe," in ji Kawunku, yana haki. "A Chadi kullum kafin in kwance jirgi sai na kai hannu dama na kai hagu. A duro babu wurin juyawa, na ɗaure shi. Shekara biyu ina duba komai ban da shi, har hannuna ya manta akwai shi."

Da filafili muka dawo, a hankali, jama'a suna kallo. Mahaifiyarku ta shiga ruwa har idon sawu ba ta sani ba. Da muka taɓa ƙasa Kawunku ya fara kwance injin, bai dubi kowa ba, ya ce a kira direba a ɗora. Na dubi fuskar ƙanwarsa, na san abin da take lissafawa, domin damina ta riga ta ƙare, lokacin da ya ce zai koma Baga ya yi.

"Ina za ka kai shi?" in ji Sarkin Ruwa.

"An ce gwaji ɗaya ne."

"Ni na faɗa, ni zan ce an gama. Ka kwantar da shi can ƙarƙashin tsamiya. In wuyan nan ya juya kafin la'asar, mu yi magana."

Ban taɓa ganin mutane sun taru a kan ƙarfe ɗaya kamar ranar ba. Wani ya kawo kananzir, wani giris, kafintocin suka kawo guduma da guntun katako. Aka ɗiga kananzir a wuyan, a jira, a buga a hankali, a sake ɗigawa. Kowa da shawararsa. Wani ya ce a gasa da wuta, Kawunku ya ce sai dai a gasa shi tukuna. Malam Yakubu da ni muka danne injin, masunta biyu suka kama hannun tuƙi tare da shi. Aka yi azahar aka dawo, babu motsi. Mahaifiyarku tana zaune a kan wani kifaffen kwalekwale da carbi. Rana ta karkata, inuwar tsamiya ta bar mu. Can sai muka ji ƙiii, wani jan ruwa ya tsatso daga wuyan.

"Ya motsa!" in ji wani masunci. "Wallahi ya motsa!"

"Ku ƙara kananzir! Fulata, danne, ba nono kake tatsa ba!"

Aka kai dama kaɗan, aka dawo hagu kaɗan, tsatsa na fita, ana gogewa ana cusa giris. Kowace juyawa tana fin ta baya faɗi, jama'a suna rakiya da murya, dama, hagu, dama, hagu, har Kawunku ya sa yatsa ɗaya ya tura hannun ya tafi da kansa. Ihun da aka yi ya fi na safe. Malam Yakubu ya rungume wani mai sayar da kifi da bai taɓa gani ba. Ana cikin haka aka kira la'asar.

Bayan salla Sarkin Ruwa ya sa aka mayar da injin, ya hau shi kaɗai da Kawunku. Muna tsaye muka ga sun nufi itatuwan nan, suka zagaya su ta dama, suka sake zagayawa ta hagu, suka dawo. Sarkin Ruwa ya sauko ya tsaya a gaban jama'a.

"Na ba shi wuri. Amma ba zai ɗauki mutum ko ɗaya ba sai damina mai zuwa ta wuce. Kaya kawai, shinkafa da kifi da itace. Kuma kullum da safe, kafin ya kwance, zai kai hannu dama ya kai hagu a gaban duk wanda ke kwata." Ya juyo wurina. "Kai kuma mai jirgi, in ka sake hawa, ka zauna nesa da ni."

Hukuncin ya yi mana nauyi, domin a fasinja ake samu, kaya ba sa kawo abin kirki. Shekarar nan gaba ɗaya abin da jirgin ya kawo bai wuce mai da abincin Kawunku ba, kuma tunanin da na yi na sake sayen wani fili kafin ƙasa ta yi tsada bai yiwu ba. Kafin jirgin ya fara kawo riba, Barunde ta fi ƙarfina. Wannan shi ne abin da kuka rasa, kuma ban ce ƙarami ba ne.

Kawunku bai koma Baga ba. Da damina ta wuce aka ba shi izinin fasinja, ya kama ɗaki biyu a Dadin Kowa, ya aika aka kawo iyalinsa daga Maiduguri. A can ya rasu, a kan gadonsa, bayan gajeriyar jinya, kuma babban ɗansa ne ke tuƙa jirgin yanzu.